Yadda za ka haɗa intanet ɗin shago ko ofis wanda ba zai riƙa mutuwa a hannunka ba

Duk wanda ya kira ni ya ce injiniya wane netwok ne ya fi kyau in saya, amsa ɗaya nake ba shi, babu. Wanda yake gudu kamar me a layinku idan ka tsallaka titi ka shiga wani lungun ko saƙon WhatsApp ba zai tura maka ba. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce ranar da ya ɗauke me zan yi, don zai ɗauke, wannan ba duba ba ne. Bayanin nan na mai bizines santa ne da mai kemis da makaranta da ƙaramin asibiti da duk wanda aikinsa ke tsayawa cak idan transfa ta ƙi tafiya, ba na mai kallon bidiyo a ɗaki ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka auna wajen. Ka ari sim na kowane kamfani ka saka a rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet, ba a waya ba, ka buɗe shafin rautar a burauza (yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, yana nan a rubuce a gindinta) ka nemi inda take nuna lambobin siginal. Ka manta da sandunan nan huɗu ko biyar da ke saman waya, ado ne kawai. Lambobi biyu za ka duba. RSRP shi ne ƙarfin abin da ke iso maka daga ƙarfen sabis, idan ka ga -80 ko -90 kana lafiya, idan ya gangara -110 toh ka fara shan wahala. SINR kuma shi ne tsabtar siginal ɗin, sama da 13 ya yi kyau, 20 sai hamdala, idan yana yawo tsakanin 0 da 5 ko sanduna sun cika fal ba abin da za ka tsinana. Kuma don Allah kar ka auna da hantsi kawai ka ce ka gama. Ka auna da safe, ka auna bayan la'asar, ka auna tsakanin takwas da sha ɗayan dare lokacin da duk unguwa ta hau TikTok, nan ne za ka san gaskiyar ƙarfen da kake kai. Idan lambobin siginal suna da kyau amma gudun ya faɗi da dare, cunkoso ne, kuma babu eriyar da za ta yi maka maganin cunkoso duk tsadarta, sai dai ka canza kamfani ko ka juya ka kama wani ƙarfen. Idan kuwa lambobin ne marasa kyau, fitar da rautar waje ko ɗaura eriya a saman rufi zai iya sauya komai, don rufin kwano da katangar bulo suna cin siginal ba kaɗan ba.

Wani abu da ke haɗa mutane faɗa da kamfani a banza: su da megabit suke talla, kwamfutarka kuma da megabait take nuna saukar fayil, ka raba da 8. Layin megabit 40 zai ba ka megabait 5 a sakan idan komai ya tafi daidai. Ba cuta ba ce wannan. Cutar tana wajen kalmar "mara iyaka", ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa, kusan kullum akwai adadin da idan ka kai za a shaƙe maka gudun ya koma na kunkuru har wata ya ƙare.

Toh yanzu babbar magana, layi biyu. Kowa ya san wannan, amma yawancin masu cewa suna da layi biyu layi ɗaya gare su ba su sani ba. Kamfanonin waya sun daɗe da sayar da mafi yawan ƙarafunansu ga kamfanoni irin su IHS da American Tower suna haya a kai, kaga kenan sim ɗinka na wannan kamfanin da na wancan suna iya kasancewa a kan ƙarfe ɗaya, janareta ɗaya, mai gadi ɗaya, ranar da dizal ya ƙare ko aka sace batir duk su tafi tare. Haka faiba, wato kebulan intanet masu zaren gilashi, sau da yawa a rami ɗaya ake binne su a gefen titi ɗaya, katafilar ɗan kwangila ta zo ta kwashe su a cokali guda. Don haka ka nemi hanyoyi biyu da ba su haɗa komai ba: faiba da 4G, ko 4G da Starlink mai zuwa ta tauraron ɗan'adam, ko rediyon wani ƙaramin kamfanin intanet na garinku da sim. Kuma ka tambayi ƙaramin kamfanin nan kai tsaye, ku daga wajen wa kuke saye? Idan daga wajen kamfanin da sim ɗinka yake suke saye toh an koma gidan jiya.

Wanda yake ganin na cika tsoro ya tuna 14 ga Maris 2024. Kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a lokaci guda a gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna suka tsaya, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga duhu, gyaran kuma ya ɗauki makonni. Manyan kamfanoni masu injiniyoyi ɗaruruwa ne suka gano cewa hanyoyinsu "daban-daban" duk ta wuri ɗaya suka bi. Mu kuma nan arewa namu ya fi muni, don kusan duk kebulan nan a Legas suke sauka, sai bayanin ya yi tafiyar kilomita wajen dubu a faibar da ke kwance a gefen hanyoyin da ba a gama gyaransu ba tun muna yara kafin ya iso Kano. Akwai cibiyar musayar intanet ta IXPN a Kano, kuma abin a yaba ne, amma yawancin abin da kake buɗewa ba a nan yake zaune ba.

Kan Starlink, tunda kowa ita yake tambaya. Ta shigo Najeriya a Janairun 2023, kuma ga wanda yake ƙauye ko bayan gari inda faiba ba za ta je ba ko a mafarki, gaskiya ta yi rana. Amma ka san abu uku. Tana son sararin sama a buɗe, bishiyar darbejiya ɗaya ko tankin ruwan maƙwabci ya isa ya riƙa yanke maka kira, ka yi amfani da manhajarsu ka duba wajen kafin ka huda rufi. Ruwan sama mai ƙarfi yana tsayar da ita na ɗan lokaci. Sannan farashinta ba a hannunka yake ba, a Oktoban 2024 sun tashi ɗaga kuɗin wata daga 38,000 zuwa 75,000 a dare ɗaya sai da hukumar sadarwa ta NCC ta taka musu burki, kuma an yi lokacin da suka daina karɓar sababbin mutane a Legas da Abuja saboda cunkoso. Ni dai ba na son in ga kasuwancin mutum ya rataya gaba ɗaya a kan kamfanin da ba shi da ofishi a kusa da kai da za ka je ka buga tebur.

Layi biyu ba su da amfani idan sai yaron shago ya tashi ya zare wannan ya soka wancan, kwastoma na tsaye yana huci. Kana buƙatar rauta ta tsakiya wadda za ta sauya da kanta. Mai son sauƙi ya nemi TP-Link ER605, ka soka layin farko da na biyu ka gaya mata wane ne babba wane ne na ko-ta-kwana shikenan. Mai son iko da komai ya nemi MikroTik, ko ƙaramar hEX ɗin nan ta isa ofis mai mutum ashirin, sai dai tana son wanda ya iya ta. A MikroTik ɗin za ka ba babban layi distance=1, na biyu distance=2, kuma a nan ne yawancin masu haɗawa suke yin aikin rabi. Suna saka check-gateway=ping, wato rautar ta riƙa taɓa wata na'ura ta ji ko tana amsawa, su tafi, alhali abin da rautar take taɓawa da wannan shi ne modem ɗin da ke kusa da ita a kan tebur, shi kuwa modem ai yana nan a kunne yana amsawa ko da intanet ɗin bayansa ya mutu tun asuba, sai rautar ta yi ta tura mutane cikin layin da ba ya zuwa ko'ina tana ganin lafiya lau. Abin da ya kamata shi ne ka sa ta riƙa taɓa wani adireshi na can waje ta cikin kowane layi, misali 8.8.8.8 ta layin farko, 1.1.1.1 ta na biyu, ko ta hanyar Netwatch da ke cikin saitin MikroTik ko ta jera hanyoyin yadda ɗaya zai dogara da ɗaya, idan na waje ya daina amsawa sai ta juya. Idan wani ne zai haɗa maka, tambayar da za ka yi masa kenan, me rautar take dubawa kafin ta sauya? Idan ya fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Sim ɗin da ke cikin rauta kuma ka yi masa rajista da NIN ɗinka ko da sunan kamfaninka, ba na yaron da ka aika kasuwa ba. An sha rufe layuka kan maganar haɗa NIN, kuma ranar da aka rufe naka yaron ya bar aiki ya koma garinsu za ka gane kurenka. Na ko-ta-kwanan ma ka riƙa saka masa ɗan kuɗi yana motsi, layin da ya yi watanni a kwance ana iya kwace shi a sayar wa wani.

Sai wuta. Wallahi rabin kiran da ake yi min na "netwok ya lalace" ba netwok ba ne, wuta ce. Kar ka haɗa kayan intanet da layin firji da na'urar fotokwafi, ka ware musu nasu batirin. Lissafin ba wuya: rautar 4G wajen wat 10, MikroTik ƙasa da haka, na'urorin wayfai biyu wajen 10 kowace, ka ce 40 gaba ɗaya. Batir mai 12V 100Ah yana ɗauke da 1200Wh a takarda, idan litiyam ne za ka iya cin wajen 1000 kaga awa 25 kenan, idan na ruwa ne kar ka ci fiye da rabi in kana son ya yi shekaru, wajen awa 15. Da ka ɗora babbar Starlink a kai, wadda ita kaɗai tana jan 75 zuwa 100, lissafin ya rushe ya koma wajen awa 7 zuwa 9 ko a na litiyam, sai ka ƙara batir da faranti na sola. Yawancin ƙananan rautoci 12V suke ci, don haka idan ka ba su kai tsaye daga batir ta ƙaramar na'urar daidaita wuta ka huta da asarar da inbata ke yi wajen juya wutar sama a sake juyo da ita ƙasa, amma ka duba abin da aka rubuta a jikin cajar kowace kafin ka soka. Wanda ya ga abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2024, da aka yi kwanaki sama da mako arewa ba wuta bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar ɗayan layin da ke zuwa ta Binuwai, ba sai an yi masa wa'azin sola ba.

Duk abin da ka ɗaura a saman rufi ka yi masa atin na gaske, sandar jan ƙarfe a kafe cikin ƙasa mai danshi, da na'urar tare tsawa a kan kebul ɗin kafin ya shiga ɗaki. Tsawar farkon damina ba sai ta faɗo a kanka ba, ta faɗi a kusa ma ya isa ta biyo kebul ta ƙone maka rauta da suwic da duk abin da ke jone. Kuma kar ka kulle kayan a akwatin ƙarfe a jikin bangon da rana ke duka, a watan Afrilu zafi kaɗai zai sa rauta ta riƙa kashe kanta tana tashi, da hunturu kuma ka riƙa hure ƙura.

Kebul ma akwai magana. An cika kasuwa da Cat6 na bogi wanda cikinsa alminiyam ne aka yi masa wankan jan ƙarfe, ka kankare silin ɗaya da reza, idan ka ga fari a ciki ka ajiye musu abinsu. Yana karyewa, yana zafi idan aka tura wuta ta cikinsa zuwa kyamara ko na'urar wayfai, kuma ba ya kai mita 100 ɗin da na gaske ke kaiwa. Araha ba ta ado. Wayfai kuma ka ɗaura shi sama a tsakiyar wajen ba a ƙarƙashin kanta ba, duk na'urar da ta iya 5GHz ka tura ta can, a 2.4 kuma ka tsaya kan tasha 1 ko 6 ko 11. Gini mai ɗakuna da yawa ka ja kebul ka ƙara na'ura ta biyu, ka rabu da ƙananan abubuwan nan masu maimaita siginal da ake sokawa a soket.

Yanzu rabon gudu, wanda shi ne ke bambanta netwok ɗin da aka haɗa da wanda aka jona kawai. Ka ɗauki layinka kamar famfon unguwa, mai kura ya zo da jarka goma sha biyu ya tare baki, yarinya mai kofi ɗaya tana baya tana jira alhali nata na sakan biyu ne. POS ɗinka da kiran murya su ne mai kofin, wayar da ke tura hotunan biki zuwa Google Photos ita ce mai kura. Abin yi, ka auna ainihin gudun layin, ka sa rautar ta tsaya a kashi 85 zuwa 90 na wannan don layin jiran ya kasance a hannunka ba a hannun kamfani ba, sannan ka kunna rabon daidai, a MikroTik ana yi da PCQ, sabuwar manhajarsu ta 7 kuma tana da CAKE da fq_codel. Ka gwada da kanka, ka bar ping 8.8.8.8 yana tafiya a kwamfuta ɗaya sannan ka fara tura babban fayil a wata, idan lambar jinkirin da ping ke nunawa ta tashi daga 40 ta koma 800 toh ba a yi aikin ba tukuna. Ka kuma raba wayfai biyu, na aiki daban na baƙi da wayoyin ma'aikata daban, kuma na baƙin kar ya ga kwamfutar lissafi ko kyamarori. A kwamfutocin Windows ka nuna musu cewa layin na awo ne don kar su kwashe maka data da sabuntawa a tsakiyar aiki, musamman ranar da aka koma kan sim. Tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a Janairun 2025 kowane gig ya zama abin lissafi.

Kan ƙarin nan ni ba na cikin masu zagin kamfanoni ido rufe, dizal ya tashi, dala ta tashi, kayan aikinsu duk daga waje ake sayowa, farashin kuma an daɗe ba a taɓa shi ba. Inda nake da ja shi ne an karɓi ƙarin amma mutumin da ke Gumel ko Illela bai ga bambanci a wayarsa ba. Gwamnati kuma tana son a ce tattalin arzikin zamani a taro amma a ƙasa wani abu take yi daban. Tun 2013 aka amince kuɗin izinin binne faiba ya zama naira 145 kan kowace mita, shekara da shekaru jihohi da yawa suna karɓar dubbai, wasu irin Kaduna suka yafe shi gaba ɗaya a 2020, wasu kuma aka yafe a baki sai a dawo ta taga da wasu harajin masu sababbin sunaye. A 2024 an sa hannu kan umarnin da ya mayar da kayan sadarwa kadarar ƙasa da ba a taɓawa, madalla, amma abin da zai hana yanke faiba ba takarda ba ne, a tilasta wa ɗan kwangila ya kira masu kebul kafin ya sa katafila, kuma duk sabon titi a saka masa bututun kebul tun ana gini. Sannan ga dabi'ar kashe abu idan an rasa yadda za a yi da shi. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A Satumban 2021 aka kashe sabis a Zamfara gaba ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suna hawa mota zuwa Funtua don kawai su yi kira ko su tura kuɗi kafin ita ma a rufe ta. Ba na raina matsalar tsaro, amma mai POS da ɗalibi da mai haƙuri da ke neman a turo masa kuɗin magani su suka fi biyan kuɗin wannan matakin. Irin wannan ranar sim goma ma ba za su cece ka ba, shi ya sa nake cewa manhajar lissafinka da rajistar kayanka su zama masu aiki ko ba intanet, su tura bayanan daga baya idan ya dawo.

Tsaro a taƙaice. Ka canza kalmar sirrin da rautar ta zo da ita, ka kashe WPS mai haɗa wayfai ba tare da kalmar sirri ba, ka rufe ƙofar shiga saitin daga waje, a MikroTik ita ce 8291 ta Winbox, a 2018 an yi amfani da wata ɓaraka a nan aka shiga dubban rautoci a duniya kuma har yau akwai waɗanda ba a sabunta ba suna aiki a ofisoshi. Idan kana son kallon kyamarorinka daga gida kar ka yarda a buɗe maka ƙofa a intanet, a kan sim ma yawanci ba zai yiwu ba don adireshi ɗaya kuke rabawa da ɗaruruwan mutane, a yi maka da manhajar killatacciyar hanya irin WireGuard ko Tailscale. Mai niyyar sayar wa unguwa wayfai da tikiti kuma ya sani sayar da intanet ga jama'a yana buƙatar lasisin NCC, kuma tsarin gida na Starlink bai yarda a sake sayarwa ba, suna iya rufe maka.

Idan layi ya ɗauke ka rubuta rana da lokaci da tsawon da ya yi, ka kira kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, idan sun yi biris ka kira 622 na NCC, kyauta ne, kuma lambar nan za su fara tambayarka. Ranar da mai haɗa maka ya gama aiki kar ka cika masa kuɗinsa sai ya ba ka duk kalmomin sirri a rubuce, ya fitar maka da kwafin saitin rautar a filas, ya manna wa kowane kebul suna a baki biyun. Akwai abokan sana'armu da ke riƙe waɗannan da gangan don kullum sai an neme su, kar ka yarda. Sannan yana tsaye a wajen ka sa a fara kiran WhatsApp, ka cire sim ɗin babban modem ko ka zare faibar daga bayansa amma ka bar shi a kunne, ka ƙirga sakan nawa kafin layi na biyu ya ɗauka, ka mayar ka ga ko ta koma da kanta, sai ka kashe wutar ginin daga mita ka ga ko wani abu ya ƙifta. Wannan gwajin ka riƙa maimaita shi duk farkon wata.